Masu hawa keke a Zariya, wace hanyar ƙauye kuke bi?

Ɗan Hayin Dogo:
Salamu alaikum ƴan uwa. Na samu keken gwanjo irin mai giya da manyan tayoyin nan, ina so in riƙa fita ran Asabar da safe amma gaskiya na gaji da titi, daga Samaru zuwa Kwangila kawai mutum ya yi ta kokawa da manyan motoci da masu adaidaita, ba a jin daɗin komai. Hanyar ƙasa nake so, ta cikin gonaki, wadda ba hawa da yawa don ƙafa ba ta saba ba tukuna. Duk wanda ya taɓa bi da kansa ya faɗa mana yadda ya gani don Allah, ba jita-jita ba.

Mai Giya 21:
Wa alaikumus salam. Ai kai kana zaune a bakin abin ma. Ka fara da Bomo. Daga Samaru ka ɗauki hanyar ƙasa ka nufi ƙauyen, shimfiɗaɗɗen wuri ne, in ma akwai hawa to ɗan tudu ne da giya ta tsakiya za ta ɗauke ka ba sai ka miƙe tsaye a kan feda ba. Ni bayan asuba nake fita, lokacin raɓa ba ta bushe ba, ƙasa ta ɗan daddale taya na kamawa sosai, ga ɗorawa da mangwaro a gefen gonaki inda za ka tsaya ka sha ruwa. Abu ɗaya, kar ka hau kan kunya ko da an gama girbi. Ka bi turbar da masu gona suke bi da ƙafa ko da mashin, ita ce ma ta fi laushi.

In ka saba sai ka gwada ɓangaren Biye, ta bayan jami'a wajen Kubanni. Can akwai ɗan gangare zuwa rafi, sai ka riƙe burkin baya, na gaba ka ɗan taɓa shi kawai, in ka damƙe shi a yashi zai watsar da kai.

Bazazzage:
Ku ƴan Samaru kullum Bomo Bomo. Ku zo Kufena ku ga wuri. Mu daga cikin birni muke fita ta Ƙofan Kuyambana, ko mutum ya biyo ta Wusasa, dutsen na gabanka tun daga nesa ba ka ɓata. Kuma ba hawa dutsen ake yi da keke ba fa, gindin shi ake zagayawa, ƙasan wajen akwai marmara akwai inda fako ne sumul, keke na gudu da kanshi. Wurin nan tsohon mazauni ne tun kafin birnin yanzu ya kafu yadda yake, akwai sauran tsohon ganuwa a wajen, wani wurin in ba an nuna maka ba za ka ɗauka tudun ƙasa ne kawai ciyawa ya rufe. Ni abin da ke sa ni komawa ke nan, kana tuƙi kana ratsa inda kakanni suka zauna, in ka juyo kuma ga rimayen Zazzau can sun yi tsaye.

Amma gaskiya ɗaya ce, mu ba mu wuce dutsen mu nausa yamma. Kowa ya san halin da ake ciki a dazukan da suka haɗe da Giwa da Birnin Gwari. A fita da rana a dawo da rana, a tafi mutum uku ko huɗu, kuma a tambayi mutanen ƙauye kafin a ƙara gaba, in suka ce kar a bi to a juyo.

Ɗan Hayin Dogo:
Na gode Yaya. Wannan maganar ta tsaro ita ce ma Hajiyarmu ta fara yi min da ta ga keken.

Malamin Firamare:
Hajiya ta yi gaskiya. Ni abin da zan ƙara shi ne lokaci, don hanya ɗaya ce amma kowane wata da kamarta. Na daɗe ina zuwa aiki da keke a ƙauye ta ɓangaren hanyar Jos, wajen Dakace zuwa fadamar Galma, saboda haka na ga ta damina na ga ta rani.

A watan Agusta ka manta da fadama kwata-kwata. Lakar wajen baƙa ce mai danƙo, tana naɗewa a taya har ta cika tsakanin taya da ƙarfe, wili ya ƙi juyawa, sai ka sauka ka nemi kara kana ƙwaƙulewa, ka yi taku goma ta sake cikawa. Kuma ƙaramin rafin da ka tsallake da safe ruwa iya idon sawu, in aka yi ruwa a sama ko da bai sauka inda kake ba, da yamma sai ka tarar ya kai ƙugu yana gudu. Kar ka shiga da keke, ka jira ko ka zagaya ta gada.

Lokacin da ya fi min shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta zama ƙura ba, an sare masara hanya ta buɗe kana ganin gabanka, dawa ta sunkuyar da kai ana shirin yanka. Sai dai ka kula da shanya, mutane na baza masara da barkono a kan fako da gefen hanya, wallahi ka taka wa tsohuwa shanyar barkononta da taya ka ɓata wa duk mai keken da zai biyo bayanka suna. Daga Disamba kuma sanyi da hazo, a fadama ne kaɗai za ka ga kore, masu noman rani da injin ban ruwa suna ta tumatir da albasa, tiyo a shimfiɗe a kan turba. In ka zo kan tiyo ka sauka ka ɗaga keken, daƙiƙa nawa ne.

Maris da Afrilu in ba ka dawo gida kafin ƙarfe 10 ba, rana za ta hukunta ka.

Mai Faci Sabon Gari:
Ni sana'ata ce don haka bari in faɗi abin da ake kawo min. Yawancin facin masu zuwa ƙauye tsidau ne da ƙayar bagaruwa, musamman da rani da aka datse reshe aka yi shinge. Tsidau ba ya sace iska nan take, a hankali yake yi, sai ka yi nisa ka ji taya ta yi laushi. Ka tafi da famfo ƙarami da tif guda na sifiya da kayan faci, kuma kafin ka sa sabon tif ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka zare ƙayar, in ba haka ba ta sake hudawa nan take.

Wanda bai saya ba tukuna ya nemi mai taya lamba 26, ita ce kayanta suka fi samuwa ko a ƙauye, masu 29 ɗin nan suna da daɗin gudu amma tif ɗinsu sai ka sha yawo. Sannan ku daina zuba wa ceni baƙin mai da rani, ƙura yake kwasowa ya zama kamar kunun yashi yana cin haƙoran giya. Mai kaɗan mara kauri, ka goge da tsumma, shi ke nan.

Maman Ƴan Biyu:
Sannunku. Ni ba na hawa yanzu amma maigidan yana fita da yaran ran Lahadi, daga Palladan suna bi ta Basawa su ɗan shiga gonaki su dawo. Abin da na lura yaran sun fi son wurin da za su ga shanu. Don Allah masu fita da yara a sa musu hular kwano ko ta gwanjo ce, kuma a riƙe ruwa fiye da yadda ake tsammani, nawa kullum gorarsu a bushe take dawowa.

Mai Giya 21:
Hajiya maganar shanu ta tuna min. In kun shiga burtali kuka haɗu da garke, ba a kutsawa tsakiya ana buga ƙararrawa, a tsaya gefe su wuce, a yi wa makiyayi sannu. Kusa da ruga kuma karnuka za su fito, in ka ce gudu za ka yi to bin ka za su yi, sauka za ka yi ka sa keken tsakaninka da su ka yi sallama da ƙarfi, za a fito a tsawata musu. Ni ta haka na saba da wata ruga ta ɓangaren Shika, yanzu in na biyo sai an dama min fura da kindirmo, in na miƙa kuɗi wani lokacin ma dattijon ya ce a bar shi. Gaisuwa fa ita ce rabin tafiyar nan, ka wuce mutane suna aiki a gona ka ce sannunku da aiki, gobe in cenin ka ya tsinke su ne za su kai ka wajen mai gyara.

Shika ɗin ita ma shimfiɗe take, tun 1928 Turawa suka kafa gonar kiwo a wajen, har yau akwai filayen cibiyar binciken dabbobi da aka killace, kar a shiga ba izini, a bi ta gefe.

Ɗan Kudan:
Ba wanda ya ambaci wajenmu. Ku biyo ta Hunkuyi da sanyi lokacin rake, hanya tsakanin gonakin rake ne dogaye iska na kaɗa su, tun daga nesa za ka jiyo ƙanshin inda ake dafa mazarƙwaila. Da ɗan nisa dai ga sabon shiga, gara a ɗora kekunan a mota zuwa Hunkuyi sai a fara daga nan, kuma a kula da motocin ɗaukar rake don turbar ba faɗi.

Ɗan Hayin Dogo:
Allah Ya saka da alheri baki ɗaya. Bomo zan fara ranar Asabar in Allah Ya kai mu, bayan sallar asuba. Yaya Mai Giya in za ka fita ka yi min magana in biyo ka, shi kuma Oga mai faci zan leƙo Sabon Gari ran Juma'a bayan masallaci a duba min burkin baya, yana ɗan ƙara, in karɓi tif da famfo gaba ɗaya.