"Recycling" da Hausa: me zan rubuta a allon rumfata?

1/
Jama'a, ina neman shawara. Wata huɗu ke nan da na fara sayen tsoffin ƙarafa a Rigasa bayan na tashi daga aiki, ina tarawa, ranar Asabar in kai kasuwar Tsohuwar Panteka a Kaduna. Yanzu zan kafa allo a bakin rumfa. Mai fenti ya ce a sa "recycling", na ce a'a, masu kawo min kaya Hausa suke ji.

2/
Gidajen rediyo suna cewa "sake sarrafawa". Daidai ne, amma ya yi faɗi. Tumatir ma sarrafa shi ake yi, fata ma haka.

Wani ya ce "jari bola". Wannan sunan masu yawo da kura ne suna tono, kuma ni ba bola nake zuwa ba, gida-gida ake kawo min. "Gwangwan" kuwa shi ne sunan da kowa ya sani a kasuwa, ban raina shi ba ko kaɗan. Sai dai sunan kayan ne da cinikinsu, bai faɗi abin da ke faruwa da ƙarfen bayan ya bar sikeli ba.

3/
A Panteka na samo bakin zaren. Na kai buhun fasassun tukwane da murfin injin babur wajen wani dattijo mai zubin tukunya. Ya ɗauko mayen ƙarfe ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kama, baƙin ƙarfe ne, ya jefa gefe. Wanda bai kama ba, ya kankare shi da wuƙa ya duba launi: fari mara nauyi alminiyam, ja-ja jan ƙarfe, mai ruwan ɗorawa tagulla. Ya ce, "Yaro, kada ka ƙara haɗa su a buhu ɗaya, kuɗin mai araha za a ba ka." Jan ƙarfe ya fi tsada, baƙin ƙarfe ne ƙarshe a kilo.

Ina tsaye aka narka alminiyam ɗin. Zafin digiri 660 ya ishe shi, shi ya sa gawayi da zugazugi ke iya masa, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura 1,500, sai manyan kamfanonin rodi. Aka kwarara shi cikin ƙasar da aka danna da siffar tukunya. Na ce, "Baba, me kuke kiran wannan aikin?" Ya ce, "Zubi mana. Wannan an taɓa zuba ta, yanzu mun sake zubi."

4/
To ga shawarata: SAKE-ZUBI. Daga bakin masu sana'ar ta fito, gajera ce, kuma tana karɓar roba da kwalba, tunda su ma narka su ake yi.

5/
Wata 'yar'uwa ta ce takarda fa? Gaskiyarki, Hajiya, jiƙa ta ake yi a dama. Nan "sake sarrafawa" ya fi zama, na bar miki shi.

6/
Ga masu tambayar yadda ake farawa: sikelin rataye, mayen ƙarfe, safar hannu mai kauri. Batirin mota akwai dalma da ruwan asid, kada yara su taɓa. Wayar wutar lantarki ta gwamnati, ƙarfen layin dogo da murfin kwalbati kuwa, ko kyauta aka kawo ba na karɓa, kayan sata ne.

Gobe mai fenti zai zo. Abin da na ba shi: "Ana sayen gwangwan don sake-zubi." Wanda ke da gyara ya faɗa kafin azahar.