Wai da gaske gizo-gizo yana jin wari?

Ɗan Gusau: Salam jama'a, dan Allah ina da tambaya. Ni a sanina gizo-gizo saƙa kawai yakeyi ya zauna jiran ƙuda ya faɗo, to jiya wani abokina yace min wasu da wari suke gano abincinsu, toh da wane hancin?

Malamin Bayoloji: Wslm, gaskiya abokinka ya faɗa maka. Basu da hanci irin namu, wasu ƙananan gashi ne a ƙafafunsu suke shinshina dasu. Akwai wani ɗan ƙarami mai tsalle a yankin Tafkin Biktoriya wajen Kenya da Yuganda, sunansa Evarcha culicivora, shi baya saƙa dan kama abinci, farauta yake fita kuma abinda yafi so shine macen sauro wadda ta sha jini ta ƙoshi, yana bambanta ta da sauran ƙwari ta warinta ko bai ganta ba. A 2011 masu bincike suka nuna har warin safar da mutum ya saka yana janyo shi.

Hajiyar Maraɗi: Ikon Allah! Malam kenan mutane yake cizo?

Malamin Bayoloji: A'a Hajiya, baya iya huda fatar mutum, jinin dake cikin sauron yake samu.

Ɗan Tudu: Ni wanda yafi bani mamaki na Amurka ne, Mastophora, macen tana fitar da ƙamshi irin na macen faɗa-wuta da daddare, mazan faɗa-wutan su taho suna zaton mace ce sai ta wurga musu zare mai danƙo a ƙarshensa ta cafke.