Muhawara: Kamfanin da ya janye salularsa, a ƙara yarda da shi ko a guje shi?

Mai gyaran salula, Kasuwar Dole: Jama'a, ni dai na ce kamfanin da ya fito fili ya janye kayansa ya fi wanda ya yi gum amana. Ku dubi Samsung da Galaxy Note 7. Ta fito a watan Agusta 2016, ranar 2 ga Satumba suka janye wajen miliyan 2.5 saboda batir yana kama wuta. Asarar ta haura dalar Amurka biliyan 5. Mai cuta ba ya haka.

Malamin lantarki: Maigida, ka tsallake rabin zancen. Waɗanda aka musanya wa mutane su ma sun ci wuta. Ranar 5 ga Oktoba ɗaya ta yi hayaƙi cikin jirgin sama a Amurka, aka sauke fasinjoji, sai ranar 11 aka daina ƙera ta. Binciken da suka bayyana a Janairu 2017 ya nuna aibi biyu daban. Batirin farko, na Samsung SDI, kamfanin batir na Samsung, jakarsa ta yi masa kaɗan, kusurwar sama ta lanƙwasa farantin negatif. Na biyu, na wani kamfanin batir mai suna ATL, walda ta bar tsini da ke huda siririn shingen da ke raba negatif da pozitif, wasu ma ba a sa musu tef ɗin kariya ba. Da zarar farantan sun taɓa juna, zafi ya dinga haihuwar zafi har batir ya fashe. Gaggawa ce sau biyu, a ina amanar take?

Mai gyaran salula: Malam, amma sun gyara. Sun kafa gwajin batir mai mataki 8, har da hoton X-ray da farke batir a duba cikinsa. Da suka sake fito da ita da sunan Note FE a 2017, sun rage ƙarfin batirin daga 3,500 mAh zuwa 3,200.

Hajiya mai shagon salula, Zengou: Ƴaƴana, ku bar Koriya ku dawo Damagaram. Janyewa tana amfanar mai takardar saye da garanti ne. Salular da ta biyo hannu uku daga Dubai ko Kano, wa za a mayar wa? In an janye samfuri, buga *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar salularka, ka gwada da jerin kamfanin. Ko ta fito a ciki, mai shago ba zai biya ka ba.

Mai haɗa sola, Birni: Hajiya ta taɓo wurin. Haɗarinmu a nan batirin canji ne da rana. Batirin salula yana cika ne tsakanin bolt 4.2 da 4.4, kuma ɗan allon kariya da ke wuyansa yana yanke wuta in caji ya wuce ƙima. Na jabu wani lokaci allon ba ya aiki, tambarin kamfani kawai aka manna. Sannan bai kamata a yi caji ba in zafi ya wuce digiri 45, ga Afrilu da Mayu namu, ga masu caji suna jibga salula bisa salula ƙarƙashin rufin kwano. In kun ga gilashi ya ɗago ko bayan salula ya buɗe, batir ya kumbura da iskar gas. Kada a danne shi, kada a huda shi da allura wai a fitar da iska. A kashe salular, a ajiye ta cikin gwangwani mai yashi, nesa da katifa da bidon ɗin fetur.

Malamin lantarki: Masu gyara kuma su sauke cajin ƙasa da kashi 25 kafin cirewa, su sassauta gam da ɗigon alkol, su ɗaga da roba. Sukurdireba ce ke huda batir.

Mai gyaran salula: Duk na yarda. Amma wanda ya ƙera batirin jabu ba shi da suna balle ya janye, Samsung kuwa an san ƙofarsa.

Hajiya: Ƙofar tana Koriya, ɗana. Mai saye a nan ya sa mai shago ya rubuta masa IMEI da ranar saye, da sharaɗin musanya in batir ya kumbura, kafin ya miƙa kuɗi.