An toshe mana mashigin kogin Galma, yaya za mu yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Shawara nake nema tun abu bai ɓaci ba. Mu masunta ne a wani ƙauye da ke bakin Galma, ta wajen Dakace a Zariya. Akwai mashigin da muke ɗaure jiragenmu tun zamanin kakanni, nan kuma muke shanya kalli da birgi, wato ragar kamun kifinmu. Bana wani attajiri ya sayi fadamar da ke wurin, ya ja waya mai ƙaya har cikin ruwa, ya ajiye mai gadi. Wai duk ruwan da ke gaban gonarsa nasa ne, wanda zai jefa birgi sai ya ba shi kaso. Yanzu sai mu yi zagaye mai nisa da kaya a ka, kafin mu fito da tarwaɗa masu sari sun watse. Samarinmu sun ce a sare wayar cikin dare, Baba ya hana. Don Allah, mutumin nan yana da wannan ikon?

Wani lauya a Sabon Gari: Wa alaikumus salam ƙanena. Baba ya yi daidai, kada kowa ya taɓa wayar nan. Ranar da kuka sare ta, maganar ta tashi daga hakkinku ta koma ƙarar ɓarna, ku ne kuma za ku kwana a ofishin 'yan sanda. Batun ruwa kuwa, ba nasa ba ne. Dokar albarkatun ruwa ta tarayya ta 1993 ta ba kowa damar kamun kifi da tuƙa jirgi a ruwa, muddin bai karya wata doka ba. Ita ƙasar ma, tun dokar filaye ta 1978, haƙƙin zama da amfani ne mutum yake riƙewa, ba kogi aka sayar masa ba. Saboda haka ba shi da hurumin karɓar kason kifi. Inda gizo ke saƙa shi ne tudu. Ikon kamun kifi bai ba ku ikon ratsa gonar mutum ba. Abin da za ku tabbatar shi ne wannan mashigi tsohuwar hanyar jama'a ce tun kafin cinikin. Nan shari'arku take.

Wani mai lambu: Ni manomin rani ne a bakin kogin nan, bari in faɗi namu. Sau da yawa ba mugunta ke sa a ja waya ba. Ka kashe kuɗi ka dasa tumatir da albasa, ka wayi gari an tattake kwami, an yanke maka tiyon ban-ruwa. Ban ce ku ne ba. Amma in kun je, ku nemi hanya siririya a gefen gona, kada ku ce sai ya cire shingen duka.

Wani malami a Tudun Wada: Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Hadisin yana cikin Abu Dawud. Kifin kogi na wanda ya kama ne. Da tafki ne ya haƙa a gonarsa ya zuba kifi, wannan dukiyarsa ce, ko fatsa ba za ku jefa ba sai da izini.

Wani dattijon masunci: Yaro, gai da mahaifinka. Kada ku fara da kotu, kuɗinku zai ƙare damina ta same ku a hanya. Ku ɗauki Sarkin Ruwa ku je wurin mai unguwa, ya kai ku ga dagaci, in ta ƙi a wuce gaban hakimi. Ku nemo wanda ya sayar da fadamar, shi ya san inda iyakar ubansa ta tsaya. In makiyaya na shayar da shanu a wurin, ku tafi da ardonsu, bakinku ya zama ɗaya.

Sannan ku share gidanku kafin ku fita. In akwai mai zuba gubar kifi irin su gamalin ko magimfa a cikinku, ko mai kalli mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan karfasa, ku tsawatar masa yau. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana guba da abin fashewa, kuma da wannan attajirin zai kafa hujja a gaban dagaci. Raina yana ɓaci in na ga kifi ya taso fari fat a kan ruwa, manya da ƙanana, alhali ruwan nan mutane ke sha.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wanda ya sayar yana raye, ya ce bai haɗa da mashigin ba. Baba zai ga Sarkin Ruwa bayan sallar Juma'a.

Lauyan: Madalla. In an sasanta, kada ku tsaya a kan maganar baki. A auna faɗin hanyar, a kafa turaku, a rubuta, mai gonar da dagaci da shaidu su sa hannu, ku riƙe kwafinku.