Baba ya ƙi barin jam'in Azahar cikin wannan zafi: ku da kuke riƙe da tsofaffi, yaya kuke yi?

Abu Nusaiba, Shara Mansur:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Mahaifinmu ya haura shekara 75, yana da suga da hawan jini, ga ciwon gwiwa. Allurar insulin yake yi safe da dare. Tun tasowarmu ba mu san shi da sallah a gida ba, kuma yanzu da zafi ya kankama ya kafe sai ya taka zuwa masallacin unguwa Azahar da La'asar, ranar Juma'a kuma sai Harami. Masallacin ba nisa, amma hawa ne, kun dai san unguwannin Makka. Shekaranjiya ya dawo yana dafa bango, jallabiyarsa sharkaf da gumi, muka tambaye shi ya ce lafiya lau. Yayata ta ce a riƙa kulle ƙofa da rana a cire makulli. Ni raina bai kwanta da haka ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka mana da yadda ya yi.

Ummu Hafsa, Misfala:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Kafin a zo maganar ƙofa, ku duba ƙafarsa a daren nan. Surukina ya fito daga Juma'a bai ga takalmansa ba, kunya ta hana shi roƙon kowa, ya tako a kan kwalta har inda mota take. Farin dutsen da aka shimfiɗa a Harami ba ya ɗaukar zafi, shi ya sa mutum ke sakankancewa, amma da ka bar shi ka hau titi magana ta canza. Bai ji komai ba, domin suga ta riga ta kashe masa jijiyoyin ji na tafin ƙafa. Sai da dare jikarsa ta ga jiƙa a shimfiɗa, aka ɗaga ƙafar aka ga duk tafin ya tashi ya fashe. Watanni muka yi ana wankin ciwo, ƙarshe sai da aka cire yatsa ɗaya.

Yanzu ba ya fita sai da jakar takalmi rataye a wuya, da safa mai laushi. Kullum bayan Isha'i maigidana yakan haska tocila ya duba tafin da tsakanin yatsu. Bayan alwala a goge tsakanin yatsun su bushe. Ana shafa mai a kan kaushi amma ban da tsakanin yatsu, kuma mun raba shi da reza, don da shi yake kankare kaushinsa da kansa. Kafin ya sa takalmi a zazzage, ko tsakuwa ce a ciki ba zai ji ba.

Ɗan Hindawiyya:
Ni ina bayan yayar Abu Nusaiba a maganar kulle ƙofa, amma Azahar kaɗai. Hukuma da kanta ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 na yamma, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Idan an hana ƙarti majiya ƙarfi, ina ga dattijo mai suga? A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma mutum 1,301 hukuma ta ce sun rasu, da yawansu tsofaffi ne da masu ciwon da ya daɗe. Gara ya yi fushi da ku yana raye.

Goggon Yara, Jidda:
Ɗan Hindawiyya, gaskiyarka a kan zafin, amma don Allah kada a kulle ƙofa. Innarmu ta taɓa faɗuwa a hanyar gidan maƙwabta, 'yan'uwana maza suka yanke cewa ba ta ƙara fita. Da idona na ga yadda ta sauya. Matar da ke zagaya unguwa gaisuwar mara lafiya da barka, ta koma daga gado sai tabarma. Ƙafafun suka saki, abinci ya ragu, hira ma ta daina. Sugar da ake gudu ta ƙara hawa saboda babu motsi. Da ƙyar muka dawo da ita tana takawa da sanda zuwa ƙarshen layi bayan Magariba, kuma ba ta koma yadda take ba har Allah Ya karɓi abarSa. Tsoho idan ka raba shi da mutane ka raba shi da rabin lafiyarsa. A canza masa lokacin fita, kada a hana shi fita.

Ma'aikaciyar jinya, Madina:
Yaya Abu Nusaiba, abin da kuka gani shekaranjiya yana iya zama ɗayan biyu, kuma ba a rarrabewa da ido. Ko suga ce ta faɗi, ko ruwan jiki ne ya ƙare jini ya sauka. Na'urar awo ce za ta faɗa muku, ku auna nan take idan ya sake faruwa. In ta nuna ƙasa da 70, a ba shi dabino uku ko rabin kofi na lemon kwali mai zaƙi, a jira minti 15 a sake aunawa. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai a baki, a kira motar asibiti a 997. Ga kuma 937 idan tambaya ce kuke son yi wa likita, ko tsakar dare ne.

Abin da na fi gani a wurin aiki shi ne, tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. Wasu kuma da gangan suke rage ruwa don kada alwala ta yi ta karyewa, musamman masu shan ƙwayar hawan jini mai sa fitsari. Kada ku jira ya nema, ku ajiye gora kusa da shi ku riƙa miƙa masa, sai fa in likita ya ƙayyade masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. In kun ga jikinsa ya yi zafi rau, yana magana ba kan gado, wannan ya wuce gajiya: a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi, a yi fifita, a kira motar asibiti.

Insulin ɗin ma zafi na lalata shi. Wanda ba a buɗe ba yana firiji, ba wajen ƙanƙara ba. Wanda ake amfani da shi, yawancinsu kwana 28 ne, kuma kada zafin wurin ya wuce digiri 30. A mota kam ko na ɗan lokaci kada a bar shi.

Sai maganin gwiwa. Na san gidajenmu ba sa rabo da Voltaren da Brufen daga saidaliyya, wato kantin magani. Mai suga da hawan jini, ga ƙarancin ruwa a jiki, ga waɗannan kullum, ƙoda ce ke shan wahala a ɓoye. Ku kwashe duk abin da yake sha a leda, har da na gargajiya, ku kai wa likitansa ya gani, ku kuma gaya masa abin da ya faru, wataƙila ya rage allurar.

Alhaji Tsoho, Jarwal:
Jikana ne ya karanta mini wannan, na ce ya rubuta abin da zan faɗa. Ni ma ina cikin layin Babanku, shekarata 78, da suga da gwiwa.

Ku yara kuna ganin taurin kai ne. Ba haka ba ne. Mutum ya bar ƙasar iyayensa, ko iyayensa suka baro ta da ƙafa, don maƙwabtaka da Ɗakin Allah. Sana'a ta tafi, abokai sun ragu, ana yanke shawarar gida ba a tambaye ka ba. Abin da ya rage maka da kake yi da ƙafarka, ba da izinin kowa ba, shi ne sahu. A can ake ce maka Alhaji ina kwana, a can kake jin wa ya rasu, wa ke kwance. Ranar da ba a gan ka ba a tambaya. To a ce yaron da ka goya shi zai ɓoye maka makulli?

Nawa ɗan bai yi jayayya da ni ba. Limamin unguwa ya ɗauko, suka zo muka sha shayi. Liman ya tuna mini cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a jinkirta Azahar har gari ya sassauta idan zafi ya tsananta, kuma wanda ciwo ya hana shi aikin da ya saba ana rubuta masa ladarsa kamar yana yi. Na san hadisan tun ina yaro, amma jin su daga bakin liman a ɗakina daban ne. Muka yi sulhu. Asuba, Magariba da Isha'i ina masallaci, akwai kujerata a gefen sahu. Azahar da La'asar nakan ja jikokina jam'i a falo ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ƙaramin ya yi iƙama. Harami kuma bayan Isha'i ake kai ni, in zan yi ɗawafi a tura ni a arabiyya, wato keken marasa lafiya. Da farko na ji nauyin hawa keken, yanzu na saba.

Ku nemi wanda Babanku ke jin nauyinsa. Kuma ku bar shi ya zama shi ya yanke.

Ummu Hafsa, Misfala:
Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana. Wallahi na yi hawaye.

Mai Shago, Kilo Sitta:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuɗi. Wanda yake da jinsiyya, wato ɗan ƙasar Saudiyya, yana zuwa markaz, ƙaramin asibitin unguwa, a yi masa alƙawarin ganin likita ta manhajar Sehhaty, ya karɓi maganinsa ta tsarin Wasfaty na gwamnati. Mu masu igama, wato takardar izinin zama, sai inshora, kuma ta tsoho ba arha, ga Riyal 400 na kowane wata a kan duk wanda ke ƙarƙashinka. Kawuna ya ga halin da muke ciki, sai ya riƙa raba ƙwayar hawan jini biyu, allura kuma yau a yi gobe a tsallake, bai gaya wa kowa ba don kada ya ɗora mana nauyi. Gwajin tarakumi, wato awon suga na wata uku, shi ne ya nuna akwai matsala. Yanzu mu huɗu muke haɗa kuɗin magani farkon wata kafin komai, ƙanwata kuma ke jera ƙwayoyin mako a akwati mai kwanaki bakwai. Ku ƙirga maganin Baba, ku ga ko yana ƙarewa a lokacin da ya kamata.

Goggon Yara, Jidda:
Ku tambaye shi ma ko yana azumin Litinin da Alhamis a ɓoye. Da yawansu suna yi, su ce ba sa jin yunwa ne.

Ma'aikaciyar jinya, Madina:
Goggo ta faɗi gaskiya, kuma mai allurar insulin bai kamata ya yi azumi ba tare da likita ya gyara masa awon allurar ba. In suga ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300, a karya nan take.

Ɗan Hindawiyya:
Na janye maganar makulli, Alhaji ya gama magana. Abin da zan ƙara, ranar Juma'a kada a bar shi shi kaɗai, kuma ku fita da wuri ku samu wuri a ciki, ba a harabar waje ba. Bayan sallama ku zauna har cunkoso ya ragu. Mu mun rubuta wa tsohuwarmu kati da Larabci, an like shi da leda, ɗauke da sunanta, cewa tana da suga tana allura, da lambobin waya biyu. Yana cikin 'yar jakar da take ratayawa, tare da dabino da ƙaramar gorar Zamzam. Lema ma a sa, fara ta fi.