Shin gashi (maganin kansa da hasken na'ura, wato radiotherapy) yana hana kansar mama yaɗuwa ne, ko watsa ta yake yi?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Ana yawan cewa gashi yana tunzura kansar mama ta bazu a jiki. Masana, mene ne gaskiyar maganar?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam, Hajiya. Hasken gashi yana kakkarya DNA ɗin ƙwayar cutar ne, wato sinadarin gadon da ke cikinta, sai ta mutu lokacin da ta zo rabuwa biyu. Amma inda aka saita shi kaɗai yake aiki: maman da aka yi wa tiyata, bangon ƙirji, wani lokaci da kaluluwar hammata. Ƙwayar da ta riga ta bi jini ta sauka a ƙashi ko hanta, gashin ƙirji ba ya kai mata. Wannan aikin kemo ne (magungunan kashe ƙwayoyin kansa da ke zagaya jiki) ko maganin homon. Idan ta bayyana daga baya, sai a ɗora wa gashi laifi, alhali ta daɗe da tafiya.

A 2011 an haɗa sakamakon gwaje-gwaje 17 na mata sama da 10,000 da aka cire musu ƙullutun kawai. Cikin shekara 10, cutar ta dawo wa kashi 35 cikin ɗari na waɗanda ba a gasa ba, kashi 19 na waɗanda aka gasa. Mutuwa ma ta ragu.

Anti Nas: Abin da ya fi ɓata aiki shi ne fashin zuwa gashi. Yawanci ana ba da Gy 40 (Gy shi ne ma'aunin yawan hasken) a zama 15, Litinin zuwa Juma'a, mako uku. Wasu wuraren Gy 26 a zama 5. An rarraba shi ne don lafiyayyen nama ya samu damar gyara kansa tsakanin zama da zama. In aka yi kwanaki ba a je ba, ragowar ƙwayoyin cutar su ma hayayyafa suke yi. Don Allah, ko fata ta yi duhu tana zafi, kada a tsaya, a nuna wa ma'aikata. Kuma kada a goge alamun da aka yi a fata ranar hoton CT, da su ake saita na'ura.

Mai Nazari: Jita-jitar tana da ɗan tushe. A ɗakin gwaji da jikin ɓeraye an ga wasu ƙwayoyin da suka tsira daga haske suna ƙara ƙarfin kutsawa, kuma masu ƙarancin iskar oksijin sun fi jure masa. Amma a jikin mata, alƙaluman da Baban Ilham ya kawo su ne abin dogaro.

In maman hagu ne, a tambayi likita batun jan numfashi a riƙe lokacin gashi, yana nisanta zuciya daga hasken.