Lissafin harajin albashina na 2025 ya ƙi fita daidai

Assalamu alaikum. Ina aiki da wani kamfani mai zaman kansa a Gusau. An ba ni takardar ƙarshen shekara mai nuna jimillar albashina da harajin PAYE (wanda ake cirewa kai tsaye daga albashi) da aka cire a 2025, kuma da ita zan nemi shaidar biyan haraji.

Jimillar albashin ta yi daidai da takardun wata-wata. Matsalar tana layin kuɗin da aka ɗora wa haraji. Na ɗauki biro da kalkuleta, na cire kashi 8 na fansho, na cire kashi 2.5 na asusun gidaje, sannan na cire rangwamen naira 200,000 da kashi 20 cikin ɗari na jimillar albashi. Adadin da na samu bai kai na takardar ba, ke nan an caje ni fiye da lissafina. Akantanmu ya ce kwamfuta ce ta lissafa, wannan kuwa ba amsa ba ce.

Masana, don Allah, a tsarin harajin 2025, wannan kashi 20 ɗin a kan ɗanyen albashi ake lissafa shi, ko sai bayan an cire fansho da kuɗin gidaje?